Ranar da shanu suka ciro motar da na haɗa daga rafi

1/ Jama'a, wata takwas na yi ina haɗa mota a gareji. Ranar da na fara shiga daji da ita a Zinyau, shanun huɗa guda biyu ne suka ciro ni daga rafi, yara na ta tafi da ihu. Na so in binne zancen, to amma tunda bidiyon ya riga ni yawo, gara ku ji daga bakina. 🧵

2/ Ni makanike ne a Kano, shekarata shida a hannun Oga ɗaya. Innata 'yar Zinyau ce, a ƙaramar hukumar Rano. Can Kawuna yake noman masara da shinkafa, kuma gonarsa mai albarkar tana ƙetaren rafi. Da rani ko Golf za ta je. Da damina ta kankama kuwa, sai amalanke ko kan mutum.

3/ Bara masararsa ta yi kwanaki a tare a gona, babu direban da ya yarda ya shiga. Ruwan ƙarshen damina ya dake ta, wata ta yi fumfuna. Da na kira shi jaje sai na ce, "Kawu, da akwai kuɗi, ni zan haɗa maka motar da za ta shiga ko'ina." Wallahi cika baki ne. Shi kuwa ya riƙe maganar.

4/ Ba a yi wata ba sai ga shi a Kano da kuɗi a ƙulle cikin leda. Daga baya Inna take gaya min shanun huɗarsa ya kai kasuwa. Wanda ya san ƙauye ya san nauyin wannan. Da su yake huɗa, da su yake dakon amfanin gona, su ne kuma asusunsa ranar da ta ɓaci. Daren nan barci bai ɗauke ni ba.

5/ Muka sayi gawar Hilux akori-kura, tsohon yayi na farkon shekarun 1990. Ta yi hatsari, bodi ya tashi aiki, amma shasi lafiya lau. Da gangan na zaɓe ta: aksul ɗin gaba sanda ɗaya ce a kan sifirin mai ganye, babu kwamfuta, babu wayoyin da za su ruɗa mai gyaran ƙauye.

6/ Injin 3L ne na Toyota, dizal 2.8, babu turbo. Ba shi da gudu, amma yana da ja da juriya. Sauran kaya a Ƙofar Ruwa muka riƙa tsinto su ɗaya-ɗaya. Mai walda ya ƙera bodin baya da ƙarfe da katako, na ƙara ganye biyu a sifirin baya, na sa tayoyi masu manyan haƙora.

7/ Muka fesa mata kore, na jera fitilu a sama, yaron gareji ya rubuta "Sai Mun Je" a baya. Kowa ya zo sai hoto. Oga ya zagaya ta sau ɗaya ya ce, "Kwalta ba ta gwada irin wannan motar. Ka je tun kafin kaka, ka loda mata yashi, ka bi hanyar da za ta yi aiki a kai."

8/ Asabar ɗin farko ta Satumba, bayan asuba, muka kama hanyar Zariya ni da yaron. Muka karya a Karfi, muka wuce Bunkure, sai Rano. Duk a tayoyin baya kawai. Irin wannan motar in ka sa mata 4x4 a busasshiyar kwalta, gaba da baya za su riƙa kokawa a kwana har wani ƙarfe ya ji jiki.

9/ Da muka shiga Zinyau yara suka yanyame mu. Kawu ya shafa bodin ya ce, "Allah ya sa albarka." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Aka ɗora buhu shida na yashi. Sai wani dattijo, maƙwabcinsa kuma amininsa, ya ce ruwan daren Alhamis ya sauya mashigar rafin, zai bi mu ya nuna mana.

10/ Na ce, "Baba, shigo gaba ka huta, yau ba a tafiyar ƙafa." Ya yi murmushi ya shiga da sandarsa. Na sauka na murɗa makullan tayoyin gaba, don a tsohon yayi in ba ka kulle su da hannu ba, ko ka ja giyar 4x4 tayoyin gaba ba za su ja ba.

11/ Gwaji na farko yashi. Na rage iskar taya daga 40 zuwa 22. In iska ta ragu, taya na shimfiɗuwa, nauyi ya bazu, mota ta bi saman yashi maimakon ta tona shi. Ta wuce sumul. Yaron gareji na ta kirari a baya, ni kuwa kaina ya fara kumbura.

12/ Na biyu hawan dutse, wanda ƙasar Rano ba ta rasa shi ba. Na sa ƙaramar giya, tana hawa kamar kunkuru. Muna tsakiya na ga allurar zafi ta miƙe. Laifina ne, ban sa murfin da ke kewaye fanka ba, don haka iska ba ta ratsa lagireto sosai in ana tafiyar hawainiya. Muka tsaya ta huce.

13/ Sai rafi. Ruwan bai kai gwiwa ba. Baba ya sauka, ya shiga yana dogara sanda, ya yi sama kaɗan ya ɗaga murya: "Ɗana, ta nan! Nan tsakuwa ce." Ni kuwa ga sawun amalanke a gabana ya miƙe ɗoɗar, ga samari sun saita waya. Wa zai yi zagaye a gaban kyamara? Na danna kai tsaye.

14/ Muna tsakiyar ruwa tayar gaba ta hagu ta faɗa ramin da ambaliya ta ƙwaƙule. Motar ta karkace, tayar baya ta dama ta kusa barin ƙasa. Na taka mai. Ƙara kawai da feshin laka. Na ƙara takawa, na ji cikin motar ya zauna daɓas a kan yashi. Shi ke nan, "Sai Mun Je" ta tsaya.

15/ Bari in yi bayani, don da yawa muna zaton 4x4 ba ta maƙalewa. A tsakiyar kowane aksul akwai tukunyar da ake kira difaranshal. Ita ke bari tayar waje ta fi ta ciki juyawa a kwana. Illarta, in taya ɗaya ta rasa abin kamawa, ita za ta yi ta wulwulawa, 'yar'uwarta ta tsaya cak.

16/ To ni ɗaya a gaba ta rasa, ɗaya a baya ta rasa. Biyu na juyawa a banza, biyun da ke kan ƙasa mai kyau suna kallo. Na ɗan ja birkin hannu ko tayar baya za ta kama, ta motsa kamar taƙi ɗaya ta koma. Na sa jak, ya nutse a yashi. Ba katako, ba shebur, ba sarƙa. Amma fa akwai fitilu.

17/ Ana cikin haka hadari ya taso daga gabas. Baba ya dubi sama ya ce in aka yi ruwa a can, rafin nan ba ya sallama kafin ya cika. Nan gabana ya faɗi. Mashaƙar iskar injin tana can kusa da fitilar gaba. In dizal ya zuƙi ruwa, ruwa ba ya matsuwa, sandar fistin ce za ta lanƙwashe.

18/ Wato shanun Kawu ne zaune a tsakiyar rafi, ni na ajiye su da hannuna. Na waiwaya in ga fuskarsa. Ya naɗe wando, ya shiga ruwa, yana jan buhun yashi shi kaɗai, mutumin da ya haura sittin. Ko kallona bai yi ba. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

19/ Baba ya tura jikansa da gudu. Can sai ga shanunsa biyu da karkiya da igiya. Magidanta suka tona gefen tayoyi da fartanya, aka cusa duwatsu da rassa. Na ɗaura igiyar a shasi, ban yarda da bamba ba. Baba ya ce, "Kar ka taɓa mai sai na ɗaga hannu. Kuma a hankali, ɗana."

20/ Na sa ribas. Ya ɗaga hannu, ya yi wa shanun tsawa, igiya ta miƙe, na ji taya ta ciji dutse. Muka fito da baya. Wannan ne wurin da kuka gani a bidiyo. Abin da ba a ɗauka ba, muna isa gida ruwa ya kece, da yamma rafin ya shafe har inda muka tsaya muka rage iska ta ƙarshe.

21/ Bayan isha'i ina zaune na kasa cin tuwo. Na ce, "Kawu, na ba ka kunya a gaban mutane." Ya ce, "Da me ka maƙale, da masarata ko da yashi?" Na ce da yashi. Ya ce, "To ai gwajin ya biya. Shanun da na sayar ma sai da suka karya min garma kafin su iya huɗa. Ci tuwonka."

22/ Washegari da la'asar ruwa ya janye, muka koma. Baba a gaba da sandarsa, ni a baya ina bin sawunsa. Ƙaramar giya, lamba biyu, mai daidai, ba canjin giya a cikin ruwa. Ta ƙetare kamar ba ita ba. Na riƙa ɗan taka birki har ya bushe, muka isa bakin gona da buhu shida cif.

23/ Da na dawo Kano na kwance man aksul, ya fito fari-fari kamar koko. Dalili: ƙarfen da zafinsa ya shiga ruwan sanyi, iskar ciki ta tsuke, ya zuƙo ruwa ta hancin numfashinsa. Na sauya mai, na sa wa hancin tiyo na kai shi sama. Duk mai shiga rafi da mota ya duba wannan.

24/ Na sa murfin fanka, na ɗaga mashaƙar iska da bututu har saman gilashi. Na cire fitilu biyu na sayar, na sayi sarƙa da shebur da katako mai kauri. Wasu sun ce in walde difaranshal ɗin baya. Na ƙi, don za ta hau kwaltar Rano da kaya, ta cinye taya ko ta karya shaf.

25/ Kakar bana masarar Kawu ba ta kwana a gona ba. Maƙwabta ma sun ɗauke ta haya. Ɗan Kawu na koyon tuƙi, Baba kuwa kujerar gaba tasa ce duk ranar da za a shiga sabuwar hanya, kuma da kasonsa. Shi ya ce ba ya so, Kawu ya ce in bai karɓa ba motar ba za ta fita ba.

26/ Har yanzu kuɗin shanun bai dawo ba. Da shanun haya Kawu ya yi huɗar bana, kuma duk ƙarshen wata ina lissafi a bayan littafin gareji. Mun kusa ɗan maraƙi ɗaya. Sai ranar da na ga biyu a turke zan ce na gama haɗa motar nan.

27/ Masu tura min bidiyon da alamar dariya, na gani, na yafe. 😅 Sai dai in akwai wanda ya taɓa sa wa irin wannan Hilux makullin difaranshal na baya ba tare da walda ba, don Allah ya yi min magana. Damina ba ta da nisa.