Vittin Kafin Tamale Ta Haɗiye Ta

A zangon karatun da ya wuce mun tambayi yaran ajinmu, su arba'in da 'yan kai, ko wa zai faɗa mana yadda Vittin take kafin a haife shi. Yaro ɗaya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai unguwa ce a Tamale." Ba mu ga laifinsa ba, domin abin da ya buɗe ido ya gani ke nan: gidajen bulo da kwano, da shaguna, da babura a kan hanyar Salaga.

Amma Vittin ƙauyen Dagomba ne, mai sarkinsa da gonakinsa. Turawan Ingila sun dawo da hedkwatar mulkin arewa daga Gambaga zuwa Tamale a shekarar 1907, tun daga nan gari ya riƙa faɗi yana cin ƙauyukan da ke kewaye da shi, har ya iso nan. Dattawan wurin suna nuna mana inda ɗakunan zagaye masu jinka suke a da, da inda mata ke fita da asuba tsintar 'ya'yan kaɗanya. Yau an yanka wurin fuloti-fuloti.

To, a nan ne maganar ta shafe mu, mu Hausawa. Kakanninmu fataken goro ne da suka bi hanyar Gwanja. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, wasu suka nufi Kete-Krachi, inda Alhaji Umaru ya zauna har rasuwarsa a 1934, wasu suka yo arewa, zuriyarsu ce ta cika Zangon Tamale. Da Zango ya matse, sai muka fito neman fili. Gaskiyar magana, mu ma mun sare kaɗanya biyu kafin mu aza harsashin gidanmu, kuma ba mu tambayi kowa tarihin wurin ba. Takardar fili kawai muka nema.

Dagomba ba a littafi suke ajiye tarihinsu ba, a bakin makaɗa yake, waɗanda suke kira lunsi. Su ke jero sunayen sarakuna da asalin kowane gida, musamman lokacin bikin Damba. Akwai wani tsoho daga cikinsu da muka yi shekara biyu muna cewa za mu je da yara mu naɗi muryarsa a waya. Yau jarrabawa, gobe taron malamai. Bara da damina Allah ya yi masa rasuwa.

Ranar Asabar da ta wuce mun kai yara goma sha biyu wurin ɗansa. Ya karɓe mu da mutunci, muka ba da goron gaisuwa, ya ɗauko gangar ubansa ya kaɗa mana abin da ya riƙe. Sau uku yana tsayawa a tsakiyar jerin sunaye, ya yi shiru, ya ce a nan baba ne ya sani. Yaran sun rubuta shafi huɗu, mun bar musu gurbi a wuraren nan uku.