Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Tun da aka dawo hutu kowa ke ba da labarin inda ya je da abin da ya ci. Ni nawa labarin na jarkar ruwa ne da kwalbar man birki, da yadda na kusa yin shiru a wurin da shiru zai cuci wani.

A hutun watan Afrilu Kawuna ya tafi da ni gaida kakata a wani ƙauye da ke arewa da Yusufari a Jihar Yobe, dab da iyakar Nijar. Wanda bai taɓa zuwa yankin ba zai yi wuya ya yarda cewa a ƙasar nan yake. Da kwalta ta ƙare sai tuddan rairayi, wani bayan wani, jefi-jefi ka hango kwari mai dabino da goriba. Hanya kuwa sawun tayar motar da ta riga ku ce, in iska ta taso ta shafe shi. Motocin da ke iya shiga su ne tsofaffin Land Cruiser da Hilux. Mu goma sha huɗu muka hau bayan wata Land Cruiser, a kan buhunan gero da katan-katan na sabulu.

Direbanmu dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Muna sauka daga kwalta ya tsaya, ya bi tayoyin nan huɗu yana sace musu iska. Na ce a raina, yau ga wanda ke ɓata tayarsa da hannunsa. Da na tambaya sai ya yi dariya ya ce, "Ɗan makaranta, dubi ƙafar raƙumi. Faɗinta ne ke hana shi nutsewa. Taya mai tauri haƙa take yi, mai laushi kuwa shimfiɗuwa take yi a kan rairayi." Ya ƙara da cewa in an koma kwalta dole a mayar da iskar, in ba haka ba tayar za ta yi zafi ta fashe.

A nan ne na leƙa akwatin ƙarfen da ke bayan kujerarsa. Akwai sifanu manya da ƙanana, filaya, sukundireba, fanbel sabo, waya a naɗe, tsohon tib da aka yanka siri-siri, famfon ba taya iska, man inji da man birki. A jikin motar an ɗaure shebur, safaya biyu, da wani katako mai kauri da ake ɗora jak a kai, domin jak a kan rairayi nutsewa yake yi maimakon ya ɗaga mota. Sai jarkoki biyu masu cin lita 25, an naɗe su da jiƙaƙƙen buhu don ruwan ya yi sanyi. Ɗaya ta mota ce, ɗaya ta mutane. Na ce lallai wannan mutum ya shirya.

Wajen ƙarfe goma sha biyu da rabi, rana ta take, muna hawan wani dogon tudu da ƙaramar giya, sai muka ga tururi na fitowa ta ƙasan bonet. Baba ya kashe mota. Tiyon da ke kai ruwa lagireto ne ya ɗan tsage yana feshi. Kafin Baba ya zagayo, yaron motarsa, wanda bai fi ni da shekara biyu ba, ya riga ya ɗora tsumma a kan murfin lagireto ya murɗa. Baba ya daka masa tsawa, amma ina, aikin gama ya gama. Ruwa ya yi tsiri sama ya sauko masa a hannun dama, daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwar hannu. Har yau ina jin ihun da ya yi.

Masu karatun kimiyya sun san dalili. Ruwan lagireto a matse yake, saboda haka zafinsa kan wuce digiri 100 ba tare da ya tafasa ba. Da zarar an buɗe murfin matsin ya tafi, sai ya tafasa gaba ɗaya a lokaci guda. Shi ya sa ba a buɗe shi sai inji ya huce.

Nan take kowa ya zama likita. Wani ya ce a kawo man goge baki. Wata ta ce ɗanyen ƙwai, wata ta ce manja da gishiri. Baba kuwa ya buɗe akwatinsa ya ɗauko kwalbar man birki, ya ce da shi suke magance kowane ciwo a gareji.

Ni kuma ina tsaye ina tuna abin da aka koya mana a ƙungiyar agajin gaggawa ta makarantar nan: ƙuna ba ta son komai da fari sai ruwa mai sanyi, a yi ta kwarara shi har minti 20. Zafin da ya shiga fata yana ci gaba da dafa naman da ke ƙasa, ruwa ne ke janye shi. Mai da man goge baki rufe zafin suke yi a ciki, su kuma jawo ƙwayoyin cuta. Na san wannan sarai, amma bakina ya yi nauyi. An rene mu a kan cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Yaya zan ce wa mai furfura ya ajiye abin da ke hannunsa?

Na raɗa wa Kawu. Ya dube ni ya ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata. Ya ce, "To faɗa masa, amma da ladabi." Na durƙusa kusa da Baba na ce, "Baba, don Allah tambaya gare ni. In man birki ya zuba a jikin mota, me yake yi wa fenti?" Ya ce, "Cinye shi yake yi mana." Na ce, "To Baba, fatar da ta riga ta sale fa?" Ya tsaya da kwalbar a hannu, ya dube ni, ya dubi yaron. Sai ya mayar da murfin ya ce, "To me malamanku suka ce a yi?"

Da na ce ruwa na minti 20, sai gardama ta tashi. Wani fasinja ya ce ba a wasa da ruwa a wannan daji. Kuma gaskiya ya faɗa. Mota na buƙatar ruwa, mu goma sha huɗu muna buƙata, ga babu sabis a waya, ba wanda ya san lokacin da wata mota za ta biyo. Baba ne ya raba gardamar. Ya karɓi wata babbar roba a wurin wata mata, ya sa yaron ya miƙa hannu a kanta, ya ba ni buta ya ce in riƙa zubawa siriri. Duk ruwan da ya taru a robar a juye shi a lagireto, tunda inji ba ya ƙyama. Haka muka yi. Kawu na duba agogo, ni ina zubawa, ba a taɓa jarkar sha ba. Tun da farko na cire wa yaron agogonsa, don in hannu ya kumbura ba zai fita ba.

Bayan minti 20 ihun ya koma nishi. Fatar ta yi ja, ta tashi ƙuraje masu ruwa. Wani ya zaro allura zai fasa, na roƙe shi ya bari, domin fatar da ke kansu ita ce ke tsare ciwon daga datti. Sai aka zo rufewa, a nan ne kunya ta kama ni. Na zazzage jakata: cajar waya, abin sauraron waƙa, turare, biskit. Ko ƙyalle mai tsabta babu. Ni da nake taƙama da ilimin agaji, ban ɗauko ko bandeji ɗaya ba. Wata 'yar kasuwa ce ta ciro sabuwar farar leda daga cikin ƙullin da ta saro, muka yaga ta muka lulluɓe hannun sako-sako, tunda leda ba ta manne wa ciwo kamar auduga. Wani tsoho ya lalubo farasitamol a aljihunsa.

Daga nan Baba ya koma kan motarsa. Ya sa aka ɗaura tampol daga jikin mota zuwa wata aduwa, kowa ya shiga inuwa, ya jira inji ya huce. Ya goge tiyon ya bushe, ya naɗe tsagar da robar tib yana ja da ƙarfi, zagaye a kan zagaye, sannan ya ɗaure da waya ya murɗe da filaya. Ya cika ruwa, amma bai ɗaure murfin lagireton tam ba. Ya ce in matsi ya taru zai sake fasa ɗaurin, gara a tafi a hankali ana tsayawa ana ƙara ruwa.

Muna jira wani saurayi ya ce shi zai taka da ƙafa ya nemo taimako. Baba ya hana shi. Ya ce mota ana hango ta daga nesa, mutum kuwa tudu ɗaya ke ɓoye shi, kuma ya faɗa wa 'yan tasha hanyar da zai bi da lokacin da ya kamata ya isa, in ba su ji labarinsa ba za su biyo sawu. Can kuma wata tsohuwa ta fara jin jiri da ciwon kai saboda zafi. Muka kwantar da ita a inuwa, aka jiƙa mayafinta ana yi mata fifita. Na haɗa mata ruwan gishiri da sukari yadda aka koya mana: ruwa lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Sukarin ma na shayin Baba ne. Tana kurɓa kaɗan-kaɗan har ta dawo hayyacinta.

Sai bayan la'asar muka tashi, muka isa bayan isha'i. Washegari da sassafe aka kai yaron ƙaramin asibitin da ke kusa, domin ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita girma ba ta zaman gida ba ce. Ma'aikacin lafiyar ya tambayi abin da aka shafa, aka ce ruwa kawai. Ya ce an sauƙaƙa masa aiki.

Ranar da za mu dawo Baba ya kira ni gefe. Ya ce, "Ɗana, shekara da shekaru ina yi wa ƙarfe guzuri, ban taɓa tunanin yi wa mutum ba. Rubuta mini abin da zan saya." Na rubuta masa a bayan kwalin sabulu: bandeji, ƙyallen rufe ciwo, filasta, almakashi, safar hannu, sabulu, farasitamol, ƙullin gishiri da sukari na kemis, da tocila. Ni ma da na dawo gida na haɗa irin wannan a cikin wani tsohon gwangwanin madara. Kuɗinsa bai kai abin da nake kashewa a data a wata ɗaya ba.

'Yan'uwa, da yawanmu daga ƙauyuka muke, kuma hutun damina na tafe, lokacin da mota kan kwana a taɓo. Ku riƙe waɗannan. Ƙuna, ruwa mai sanyi minti 20. Jini, a danne da ƙyalle mai tsabta kada a riƙa ɗagawa ana leƙe, kuma kada a zuba ƙasa. Saran maciji, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tam. A hana wurin motsi a nufi asibiti. Kafin ka hau mota ka dubi ko akwai safaya da ruwa, kuma ka faɗa wa wani inda za ka.

Ƙungiyar agajin gaggawa tana nan tana karɓar sababbin mambobi. Ni da na shiga ne don kawai ina son rigar. Yau akwai wani yaron mota a Yobe da ke murɗa sifana da hannunsa na dama, tabon ma sai ka lura za ka gani.

Daga ɗan'uwanku na aji SS 2, wakilin ƙungiyar 'yan jarida.