Shekarar da FreeBSD ta sauya kompaila

A watan Janairun 2014 FreeBSD 10, wani tsarin gudanar da kwamfuta, ta fito, ta ajiye GCC ta ɗauki Clang a matsayin kompaila, wato manhajar da ke juya rubutun mai tsara manhaja zuwa abin da na'ura ke ganewa. Lokacin ina gyaran kwamfuta a wani ɗan shago kusa da Terminus a Jos, da dare kuma ina koya wa kaina harshen C da FreeBSD a kan wata tsohuwar kwamfuta 'yar gwanjo.

Rigimar lasisi ce ta jawo sauyin. A 2007 gidauniyar Richard Stallman, wanda ya fara GCC a 1987, ta fito da GPL na uku, sabon lasisin da GCC za ta koma ƙarƙashinsa. Mutanen FreeBSD ba su aminta da sharuɗɗansa ba, sai suka maƙale a GCC 4.2.1 shekara da shekaru, duniya tana ta wucewa. Clang kuwa ta tsiro ne daga aikin LLVM da Chris Lattner ya fara a Jami'ar Illinois a 2000, daga baya Apple ta ɗauki nauyinsa, lasisinta kuma sassauƙa ne.

Mu a nan ba ruwanmu da wannan gardama. Abin da ya dame mu shi ne wuta. Clang ƙatuwa ce, kuma duk wanda zai gina tsarin daga tushe sai ya gina ta ita ma. Sai in kunna aikin bayan isha'i, in ja bargo saboda hunturun Jos ba ya wasa, fankar kwamfutar tana ta kuka. Da asuba in tarar an ɗauke wuta cikin dare, komai ya tsaya. Maigidana a shagon yakan ce, "Kai yaro, man janareta ba na gadon ubanka ba ne." Gaskiyarsa.

Duk da haka ban koma wa GCC ba. Tsohuwar GCC in ka yi kuskure sai ta ba ka lambar layi da wata magana a dunƙule, ka je ka nema. Clang takan kawo layin kansa, ta sa 'yar alama daidai ƙarƙashin harafin da ya ɓaci, da launi, wani lokacin har ta tambaye ka ko sunan kaza kake nufi. Ga wanda ba shi da malami, kuma intanet sai ya je kafe ya biya kuɗin awa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Rabin C ɗin da na iya daga waɗannan saƙonni na koye shi.

A yi wa GCC adalci: sababbin fitowarta sun riga sun fara nuna wurin kuskure tun 2013, mu ne aka bari da tsohuwa. OpenBSD, wani tsarin makamancin FreeBSD, ita ma ta koma Clang a 2017, a 2020 kuma FreeBSD ta share GCC 4.2.1 daga tushenta gaba ɗaya. Kafin nan ni na bar shagon, na koma koyar da yara kwamfuta a Farin Gada.