Waƙoƙi Goma Sha Biyu a Gwangwanin Alli

A watan Maris na shekarar 2012, sa'ad da zafin bazara ya fara sauka a kan duwatsun Adar, wani malamin Faransanci da Hausa yana yi wa ƴan ajin birebe shifta a wata kwaleji ta gundumar Buza. Ajin ya yi tsit, ba a jin komi sai muryarsa da ƙarar biro a kan takarda. Yana tsakiyar jimla sai wani siririn kiɗan gita ya ɓarke daga bencin ƙarshe. Igiyar sauraro ce ta zare daga wayar da wani yaro ya ɓoye cikin riga. Yaron ɗan wani ƙauye ne na ƙasar Keita, Ba'abzine, mai kunya, wanda Adarancinsa ba shi da maraba da na sauran ƴan ajin, kuma bai taɓa jawo wa kansa magana ba sai ran nan.

Malamin ya karɓe wayar, ya buɗe bayanta, ya zare ɗan kart memuwar da bai kai girman farce ba, ya mayar masa da gangar jikin. Da ya tsaya nan, da aikinsa kawai ya yi, domin doka ta hana waya a aji. Amma sai ya ɗaga kart ɗin sama, ya bar Faransanci ya koma Hausa don kowa ya samu rabonsa na dariya, ya ce, "Ku ga abin da ake karantawa a bencin baya: kiɗan ƴan tawaye." Aka yi dariya. Yaron ya miƙe, kansa a sunkuye, ya ce, "Mushe, ba na tawaye ba ne." Malamin ya ce masa ya zauna, ya zo ƙarshen shekara ya karɓi abinsa. Ya jefa kart ɗin cikin gwangwanin da yake tara guntayen alli, aka ci gaba da shifta.

Maganar ba daga sama ta faɗo masa ba. Yana ɗan shekara goma aka zubar da jini a Cintabaradan cikin watan Mayu na 1990. Ya girma a zamanin da motoci ba sa bin hanyar Tawa zuwa Agadas sai da rakiyar soja, zamanin da mutum ke ɓoye kaset ɗin Abdallah Oumbadougou a ƙarƙashin kaya don kada a same shi da shi a shingen bincike. An sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilu 1995, amma wani tawayen ya sake tashi daga 2007 zuwa 2009, kuma a daidai watannin da ake wannan shifta arewacin Mali yana ci da wuta. A wurinsa gitar Abzinawa abu guda ce tak, ba ta da mawaƙa dabam-dabam, ba ta da jigogi dabam-dabam. Shi a kan Shata da Ɗan Maraya Jos da Ɗan Gurmu na Tawa kunnensa ya tashi. Yana bambance kalangu da kuntigi da gurmi da goge tun daga nesa, kuma duk wanda ya ce masa kiɗan Hausa duk ɗaya ne, kallon jahili zai yi masa. Bai taɓa lura cewa hukuncin da yake ƙi ɗin nan shi yake yanke wa kiɗan maƙwabtansa ba, mutanen da yake cin kasuwa ɗaya da su kowane mako.

Ƙarshen shekara ya zo, yaron bai zo karɓa ba. Bai ci jarrabawar ba, kuma bayan an cire amfanin gona aka ce ya bi sawun ƴan cin-rani, kamar yadda samarin Adar suka gada, wasu Abijan, wasu Nijeriya, wasu arewa. A 2013 aka mayar da malamin Madawa. Yana kwance kaya a sabon gida ya juye gwangwanin alli, kart ɗin ya faɗo, ya yi fari fat. Niyyarsa ta farko ita ce ya goge abin da ke ciki ya zuba hotunan sunan ɗiyarsa. Sai ya ce bari dai ya ga abin da zai goge.

Jaka guda ce a ciki, wadda yaron ya raɗa wa suna da Faransancinsa mai tuntuɓe: «les méyeur», wato mafiya kyau. Hannun malamin har ya yi ƙaiƙayin jan biro. Waƙoƙi 12 ne, babu sunan mawaƙi, babu sunan waƙa, babu shekara, lambobi kawai daga 1 zuwa 12, alamar mai su ya zauna ya jera su da gangan, bai bar mai tura waƙa na bakin tasha ya zuba masa yadda ya ga dama ba. Ta farko ta sa malamin ya duba wayar sau biyu. Gangar na'ura ce irin wadda ya sani a finafinan Kano, muryar ma an bi da ita ta cikin kwamfuta ta fito tana karkarwa kamar ta mawaƙan fim, amma kalmomin na Tamajak ne, harshen Abzinawa, gita kuma na bin su a hankali daga ƙasa. Ya ji kamar ya yi kiciɓis da maƙwabcinsa sanye da rigarsa ta Sallah, kuma ta yi masa kyau. Daga ta biyar abin ya sauya: an ɗauke su ne a wajen biki, ana jin tafi da guɗa da rurin injin wuta a bayansu, yatsun makaɗin kuwa suna gudu a kan tsirkiya da wani irin sauri da bai taɓa ji ba. Ta ƙarshe murya ce da gita kaɗai. Muryar mutum ɗaya ce tun daga farko har ƙarshe. Bai goge komi ba daren nan.

Kusa da gidansa akwai wani dattijo Ba'abzine na wajen Azarori da ke gadin shago, wanda malamin ya yi watanni yana gaisawa da shi bai taɓa zama kan tabarmarsa ba. Wata rana bayan isha'i ya zauna, aka ɗora shayi, ya kunna masa. "Baba, me yake cewa a nan?" Dattijon ya saurara, ya yi murmushi, ya ce, "Mushe, wannan yaro soyayya ce ke damunsa." A wata ya ce gargaɗi ne ga samari, a wata ya ce kewar gida ce. A bakinsa malamin ya fara jin kalmar assuf, wadda ta haɗa kewa da kaɗaicin daji, da kuma ishumar, sunan samarin da fari ya kora zuwa Aljeriya da Libiya suka ƙirƙiro wannan salon kiɗa, sunan da asalinsa kalmar Faransanci ce chômeur, wato marar aiki. Ya shekara goma yana koyar da kalmar bai san inda ta yi hijira ba. Jikan dattijon ne, da ya zo kawo tuwo, ya tsaya ya ce, "Ai Mdou ne, na Abalak."

Ashe ɗan jiharsu ne. Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, ɗan arewacin jihar Tawa ne, ƙasar Abalak da Cintabaradan. Bahago ne, gidansu kuma ba su yarda da kiɗa ba, don haka gitarsa ta farko da hannunsa ya harhaɗa ta da katako da wayar birkin keke. A 2008 ya tafi Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a ɗakin ɗaukar sauti na masu waƙoƙin Hausa, wanda shi ne asirin gangar da malamin ya ji ta yi masa kama da ta gida. Faifan bai bi ta kanti ba. Daga waya zuwa waya ya yi ta tafiya har ya tsallaka Mali, inda wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsinci ɗaya daga cikin waƙoƙin, «Tahoultine», ya sa ta cikin wani tari na waƙoƙin wayoyin Sahara da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011. Ke nan a lokacin da ake yi wa yaro dariya a Buza, masu sauraro a Amurka sun riga sun sayi muryar da kuɗinsu.

Malamin ya san tarin zaɓaɓɓu tun ba yau ba. Yana yaro masu kaset na kasuwa suna haɗa wa mutum Bakandamiya da wasu waƙoƙi huɗu ko biyar su ce ga Shata nan, alhali Shata ya fi ƙarfin buhun kaset. Jama'a da yawa a duniya ta tarin nan Legend na 1984 suka san Bob Marley, shekara uku bayan rasuwarsa, kuma masu zaɓen sun fi karkata ga waƙoƙinsa masu sanyi a kan masu zafin siyasa. Shi kansa sana'arsa ke nan: shafi biyu daga Camara Laye, shafi uku daga Ruwan Bagaja, sannan a tambayi yaro ko wane ne marubucin. Ya san aibin abin. Tari yana ba ka mutum ba tare da hanyar da ya biyo ba, ya ɓoye maka ranar da ya yi tuntuɓe da ranar da ya canza ra'ayi. Abin da bai taɓa kawowa a ransa ba shi ne tari yana da marubuci na biyu, wato mai zaɓen. Kamfani yana zaɓe ne da lissafin ciniki. Wannan kuwa ɗan shekara goma sha shida ne da ke zaune a gidan mai masauki, nesa da uwarsa, ya fara da waƙar da ta fi kama da kiɗan abokan ajinsa Hausawa, ya ƙare da ta kewar gida. Malamin ya karanta takardun yaron na shekara biyu, ya cika su da jan biro, amma babu wadda ta gaya masa ko wane ne shi kamar wannan jeri.

Shekaru suka wuce, intanet ta shigo waya, ya bi sauran hanyar da kart ɗin bai nuna masa ba. Ya ji Afelan na 2013, ya ga fim ɗin nan na 2015 da aka yi a Agadas bisa tsarin Purple Rain na Prince, ya ji Ilana na 2019, inda gitar ta zama cikakken kiɗan rok mai tsawa, sannan Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024. A waɗannan na baya mawaƙin ya fito fili yana tuhumar Faransa da shugabannin Afirka, don haka akwai tawaye a bakinsa, sai dai da ma'anar da malamin kansa zai sa wa hannu. Wadda ta fi tsaya masa a rai ita ce «Imouhar», inda yake kiran mutanensa da kada su bar harshensu ya mutu. Ta tuna masa da ƙashin nan mai igiya da aka taɓa rataya masa a wuya a lakwal yana ɗan shekara takwas, saboda ya yi suɓul da baka ya nemi ruwa da Hausa, da irin dariyar da ajin ya yi. Wannan ƙashin ne ya sa ya zaɓi koyar da Hausa. A watan Maris na 2025, da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki, abokan aikinsa suka yi ta taya shi murna. Ya yi murnar da gaske. Amma ya tuna cewa ranar da ya so ya muzanta yaro, da Hausa ya muzanta shi.

Bayan haka da ƴan watanni gaisuwar mutuwa ta kai shi ƙasar Keita. Motar ta bi ta Buza, ta ratsa gangaren da aka jera wa duwatsu aka dasa wa itatuwa tun lokacin babban aikin raya karkara da Italiya ta tallafa daga 1984. Da aka shafa fatiha ya yi cigiya. Aka haɗa shi da wani kawun yaron, wanda ya ce yana Tamanrasat yana aikin gini, ya yi aure har da ƴaƴa biyu, ya kuma ba shi lamba. Malamin ya kwana biyu yana ɗaukar saƙon murya a WhatsApp yana gogewa. A ƙarshe ya faɗi sunansa da sunan makarantar, ya ce yana riƙe da wata ajiya tasa, kuma yana neman gafara.

Amsar ta zo bayan magariba, ana jin ƙarar yara a bayanta. Muryar ta yi kauri, amma Adarancin yana nan. Ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya yi ƴar dariya, ya ce, "Mushe, kart ɗin wallahi na manta da shi. Maganar ce ban manta ba. Amma ya wuce, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Ka ji ta bakwai? Ita nake ji ranar."

Malamin ya ɗauko tsohuwar wayar da yake ajiye kart ɗin a ciki, ya buɗe jakar da har yau bai gyara wa suna ba, ya kunna ta bakwai. Ya ɗauki wayar ya fita wajen dattijon mai gadi, domin a cikin goma sha biyun ita ce bai taɓa tambayar ma'anarta ba.