Ƙwaryar Inna da kwanon ƙanena

A ND I, da aka koya mana hanyoyin raba abubuwan da suka cakuɗe, haddacewa kawai na yi, na juye a takardar jarrabawa, na manta. Sai da na je hutu gida Faskari, ina zaune ina kallon Inna tana rairayar shinkafa, abin ya faɗo mini. Tana juya ƙwarya cikin ruwa, shinkafa na tsallakewa, tsakuwa na kwanciya a ƙasa saboda ta fi nauyi. Shiƙa, tankaɗe, tace gasara, duk suna cikin littafinmu da sunayen Turanci. Farar ƙasar Ƙanƙara ma haka ake wanke ta: a dama da ruwa, yashi ya riga kwanciya, a tsiyaye farin ruwan.

Na yi dariya ranar. Dariyar ba ta daɗe ba.

Ƙanena ya bar makaranta ya bi abokansa haƙar zinariya wajen Sabuwa. Aikin Inna yake yi da kwano, domin zinariya ta ninka yashi nauyi kusan sau 7. Har nan babu laifi. Amma ƙurar zinariyar da ido ba ya gani, da makuri suke kamo ta, su matse a tsumma, su ƙona curin a kan garwashi. Makuri na tafasa a digiri 357, ya tashi ya bar zinariya. Ina yake zuwa? Huhun wanda ya sunkuya yana hura wutar, daga nan sai ƙwaƙwalwa. Mu da ke maƙwabtaka da Zamfara ba mu manta 2010 ba, lokacin da dalmar da ke cikin dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a yankin Anka da Bukkuyum.

Na zaunar da shi na zazzage masa duk wannan. Ya bari na gama, ya ce, "Yaya, to da me zan kama ta? Da difilomarka?"

Wallahi ta yi mini zafi, amma yana da gaskiya. Amsar kuma tana ɗakin gwajinmu: a ƙona curin cikin rufaffen bututu, tururin ya huce ya ɗiga cikin ruwa, makurin ya dawo a sake aiki da shi. Shi na ɗauka a matsayin furojet ɗina. Ni da wani mai walda mun haɗa guda biyu da bututun famfo. Na farko ya tsage, na biyun har yanzu yana yoyo a mahaɗa, ga shi saura mako shida a kare furojet.