Yunwar La'asar a Mil 12

Yau ba maganar kasuwa zan yi ba, maganar cikina zan yi, sai ku yi haƙuri da ni.

Tun da na gama sakandare Baba ya taho da ni Legas ina taya shi harkar tumatir da tattasai a Mil 12. Da na zo kilo 61 nake. Cikin shekara uku na kai 78, na sani ne don a kan sikelin maƙwabcinmu mai albasa nake hawa. Idan na je gida Kura na yi azumi sai in zube, in dawo nan wata biyu komai ya dawo har da ƙari. Wanduna na kashi biyu ne a jaka, na zuwa gida da na dawowa. Ita kuwa Inna murna take idan ta gan ni da kumatu, wai Ikko ta karɓe ni. Ranar da na rame ne take tambaya ko ba ni da lafiya.

Ni ma dariya nake har shekarar 2023 da aka gwada Baba aka ce yana da ciwon suga. Yayansa ma shi ne ya kwantar da shi, har aka yanke masa yatsan ƙafa. A hanyarmu ta dawowa daga asibiti Baba ya kalli tumbina ya ce, "Kai ma ka bi a hankali." Bai ƙara komai ba, amma ranar ban yi barci sosai ba.

To da na zauna na duba, sai na ga ba tuwo ne ke ƙara min ƙiba ba. Abin tsakanin azahar da la'asar yake. Motoci daga arewa da tsakar dare suke shigowa, ƙarfe huɗu muna tsaye ana sauke kwanduna. Karin kumallona shayi ne mai suga cokali huɗu da burodin Agege, daga nan ba na sake zama sai ciniki ya lafa. Wajen ƙarfe uku jiki ya mutu, ido na lumshewa, kuma a daidai lokacin mai fanke take wucewa da shi da zafinsa. Wallahi ko ba na jin yunwa sai na kira ta. Fanke biyar, soyayyar ayaba, sannan robar lemo mai sanyi a kora.

Wata rana na karanta jikin robar. Rabin lita ɗin nan suga ya haura giram 50 a ciki, kusan ƙaramin cokali 13 ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa a shawararta ta 2015, abin da ta ce kada babba ya wuce a yini kusan cokali 12 ne. Ni kuma wani yinin biyu nake sha.

Na fara da cewa na daina duka, kwana huɗu na karye. Abin da ya ɗan yi min aiki shi ne cin abinci na gaske da ƙarfe sha biyu, wake da shinkafa ko garau-garau wajen mutanenmu, domin wake yana daɗewa a ciki. Bayan sallar azahar in kishingiɗa minti ashirin a bayan rumfa, don rabin abin da nake kira yunwa ashe barci ne. Gyaɗa a aljihu, ruwa a kusa. Sikelin ma na rage hawa, sai safiyar Juma'a, saboda kilo ɗaya ko biyu da yake hawa ya sauka a kwana ɗaya ruwa ne da gishiri, yana tayar min da hankali a banza.

Yanzu ina 71, wata shida bai motsa sosai ba. Jiya dai mai fanke ta tsaya a gabana ta ce, "Aboki, ka manta da ni?" Na sayi biyu, na ci ɗaya, ɗayan Baba ya miƙo hannu na hana shi, har yanzu fushi yake da ni.