Jinkirin Hamlet: Ragwanci Ne Ko Dabara?

A cikin wasannin kwaikwayon William Shakespeare, da wuya a sami wanda manazarta suka yi ja-in-ja a kansa kamar Hamlet, wanda aka fara bugawa a 1603. Tambayar ita ce: me ya hana Yarima Hamlet kashe baffansa Kulodiyas, alhali fatalwar mahaifinsa ta shaida masa cewa baffan ne ya ɗiga wa marigayin guba a kunne, ya haye gadon sarautar Danmak, ya kuma auri uwar yariman?

Wasu sun ce ragwanci ne. Wannan hukunci bai yi masa adalci ba. Wanda ya soke Foloniyas, babban bafaden sarki, ta bayan labule ba tare da ya duba ko wane ne ba, ai ba rago ba ne. Shaida ya rasa, fatalwa kuwa ba ta zuwa gaban alƙali. Kulodiyas zaɓensa aka yi, fadawa suna bayansa. Da Hamlet ya far masa da rana tsaka, cewa za a yi ɗan sarkin da aka tsallake ne ya huce haushinsa. Shi ya sa ya shiga haukan ƙarya, ya sa 'yan wasa suka kwaikwayi kisan a gaban sarki, domin fuskar mai laifi ta tona shi.

Shi ma sarkin hannunsa a ɗaure yake. Sarauniya na son ɗanta, talakawa ma haka, don haka sai ya tura shi Ingila da wasiƙar a fille masa kai a can.

Amma akwai inda dabarar siyasa ba ta wanke Hamlet. Bayan wasan ya tabbatar masa da laifin, ya iske sarki a durƙushe yana addu'a, shi kaɗai, ga takobi a hannun yarima. Sai ya fasa, wai kada ya kashe shi yana tuba ya aika shi Aljanna. A nan ba shaida yake nema ba. Ramuwar gayya ce ta wuce gona da iri, har tana son yanke hukuncin Lahira. Abin takaici, tuban ma bai yiwu ga sarkin ba, domin ya ƙi rabuwa da abin da ya yi kisa dominsa.

A daren ne ya kashe Foloniyas. Ofiliya, 'yar mamacin, ta zare, ta nutse a ruwa. Ɗan'uwanta Layatis ya dawo daga Faransa neman fansa. A ƙarshe sarki da sarauniya da Layatis da Hamlet suka mutu a zaure guda, sarauta ta faɗa hannun Fotimbiras na Norwe, wanda mahaifin Hamlet ya kashe ubansa.